Duron Alwala na Mai Sabulu

An yi wani mutum a nan unguwar Nima, a shekarar yunwar nan da sabulu ya ɓace a kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, manya a cikinku sun san shi. Ya kafa rumfar kwano a bakin babbar kwata, yana dafa sabulu da manja da ruwan soda.

Ya 'yan uwa, kun san ruwan soda? Garau yake kamar na famfo, amma nama yake ci har ƙashi.

Mulikatu ce ke juya masa tukunya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu a unguwar Maamobi. Shekara shida tana juyi ba safar hannu. Fatar yatsunta ta saɓule, farce ya zube, har ɗaura zani sai an kama mata. Kuma akwai safar hannu a wurin, akwai takalman roba, akwai gilashin ido. Duk suna kulle a akwati, makulli a wurin Issaka, shugaban leburorinsa. Ba a buɗewa sai ranar da masu duba masana'antu suka zo. A sa wa kowa, baƙi su zagaya, su buga hatimi, maigida ya rataye takarda a bango. Kafin motarsu ta hau titi an kwashe kaya an mayar.

Ta ce masa, "Maigida, bar mini safar nan. Dubi hannuna."

Ya ce, "In ta yage, me zan nuna wa baƙi? Shafa man kaɗanya."

Dagwalon kuwa cikin kwata yake tuttulawa. Agwagin mutane suka mutu. Matan da ke tsallakawa da damina ƙafafunsu suka yi gyambo. Takarda tana bango tana cewa komai lafiya.

An ce masa ya gina wa soda ɗaki mai ƙofa. Ya ƙi. Ya lura baƙin nan ba sa taka wurin sallah, suna jin nauyinsa. Sai ya koya wa Issaka: in sun zo, a juye ruwan soda a duron alwala, a rufe, kada su gan shi a fili. Kun ji? Wurin da ake wanke fuska a tsaya gaban Allah, nan ya mayar maɓoyar guba.

Wata Alhamis maigida ya tafi garin Tema ɗauko kaya, baƙi suka zo ba sanarwa. Issaka ya yi yadda aka koya masa. Da azahar baƙi suka tafi, maza suka shige ciki mayar da kaya akwati. Sai ga maigida ya sauko daga trotro, motar haya, gumi sharkaf. Bai yi wa kowa sallama ba, ya nufi duro.

Mulikatu ta hango shi daga bakin tukunya. Ta ƙwala masa kira. Ya ɗaga mata hannu ko waiwaye babu, ya zaci maganar safa ce. Ya kamfata da hannu biyu ya watsa a fuska.

Ihun da ya yi, har kasuwa an ji.

Ita ce kusa. Ga bokitin ruwa mai kyau, wanda da an sheƙa masa nan take, wataƙila da ido ɗaya ya tsira. Ta kama, yatsu suka ƙi riƙewa, ya suɓuce. Ta sake kamawa, ya kife a ƙasa. Tana kuka, yana birgima yana cewa, "Ruwa, Mulika, ruwa." Da wane hannu? Hannun da ya cinye?

Kafin maza su fito, idanun sun dahu. Aka rufe rumfa. Yau yana zaune a ƙofar gida, sai an ja shi zuwa bayi.

Ku ji tsoron Allah. Ana yaudarar mai hatimi, ba a yaudarar mala'ikun da ke kafaɗa. Wanda ya ɓoye cuta don mutane, kansa yake ajiye wa.

Kada kuma ku ce magana ta ƙare. Makantarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba ta mayar wa Mulikatu yatsu ba. 'Ya'yansa suna da shaguna a unguwar Kokomlemle, har yau babu wanda ya taka ƙofarta ya ce yafe mana. Wadda ta san su ta kai musu saƙo: haƙƙin nan yana nan, kabari kuma ba a rataye takarda a bangonsa.

Allah ya kiyaye mu da cin guminmu da na wani a kwano ɗaya. Allah ya bi wa Mulikatu haƙƙinta. Amin.