Manomin Gero da Ya Tone Doyarsa

Akwai wani mutum, manomin gero ne tun kakanninsa. Fari ya kore shi daga ƙasarsu, ya gangaro kudu da fartanya a kafaɗa, ya sauka a wani ƙauye a gindin duwatsu, inda mutane ba su san wata gona ba sai ta doya. Shi kuwa ya taɓa cin doya a kasuwa, amma bai taɓa ganin inda take kwana ba. Mutanen ƙauyen suka laƙaba masa suna Mai Gero. In ya zo wucewa sai samari su ce, "Mai Gero, yau ma abincin tsuntsaye za a ci?" Shi kuma ya ce, "Gara ni da ku, masu cin saiwa kamar gafiya." A yi dariya, kowa ya kama gabansa.

A maƙwabtansa akwai wani dattijo da matarsa, 'ya'yansu duk sun watse cikin duniya. Dattijon nan ya yanka masa gona a gefen tasa, ya koya masa tara ƙasa tuli-tuli da garma. Da lokacin shuka ya yi, ya shiga rumbu ya fito da irin da ya ware wa kansa, mafi kyau a cikin abin da yake da shi. Ya yayyanka, ya shafa wa kowane yanki toka, ya tura cikin tuli ya rufe, ya ɗora busasshiyar ciyawa a kai kamar hula saboda zafin rana. Sa'an nan ya kakkaɓe hannu ya ce, "Shi ke nan, ɗana. Ka ba ƙasa, sai ka bar wa ƙasa."

Mai Gero ya ce to. Amma ga abin da ya ɗauka a ransa: yankin nan da aka rufe, shi ne zai yi ta ƙiba a ƙasa kamar rago a turke, har ya zama babbar doya. Ba wanda ya gaya masa ba haka ba ne, gama ba wanda ya yi tsammani akwai mai gemu a duniya da bai san yadda doya take yi ba.

Ruwa ya sauka. Tsiro ya huda ƙasa, ya kama sanda ya hau, ganye ya yi kore shar. Kowa ya wuce sai ya yaba. Amma mutumin gero ya saba ganin abincinsa a sarari. Ya ga kara, ya ga zangarniya, ya murza a tafin hannu ya san inda shekara ta dosa. Wannan noma da ake yi a ɓoye ya hana shi sukuni. Wata safiya ya duba gabas da yamma, ba kowa, ya durƙusa ya tone tuli ɗaya don ya ga yadda doyarsa ta girma.

Abin da ya tarar ya yi baƙi, ya yi laushi, yatsa yana nutsewa a ciki, ga wari. Ya tone na kusa da shi, haka. Ya tone wani, wannan ma fanko ne, sai ɓawo da kiyashi. A ƙarƙashin ruɓar akwai wani ɗan farin abu kamar kan ƙaramin yatsa. Ya ɗauka saiwa ce, ya fincike ya jefar.

Zuciyarsa ta ce masa, don kai baƙo ne aka yi maka haka.

Ya tattara ruɓar a masaki. Ran nan kuwa ana gayya a gonar dattijon, mutane sun zauna gindin ɗorawa suna cin abinci. Mai Gero bai yi sallama ba. Ya kife masakin a gaban ƙafafun tsohon.

"Baba, ga kayanka. Abin da ko akuya ba za ta shinshina ba ka ba ni, kana kirana ɗanka."

Samarin suka leƙa, suka ga abin da ke ƙasa, suka fashe da dariya har wani ya ƙware da tuwo. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, ai haka take yi. Sai tsohuwar ta ruɓe, sabuwa take samun abin ci. Koma ka rufe sauran."

"Ruɓaɓɓe ya haihu? A garinmu abin da ya ruɓe juji ake kai shi."

Dariyar da ake yi ta toshe masa kunne. Ya juya ya koma gonarsa, ya tumɓuke sanduna, ya baje tulin da garma, ya shuka gero a wurin. Sai 'yan tuli kaɗan can gefe cikin duwatsu, inda garma ba ta shiga da sauƙi, ya bar su don ya gaji. Daga ranar bai ƙara gaida tsohon ba. Dattijon yakan ɗaga murya daga iyakar gona ya ce, "Sannu da aiki, ɗana." Shi kuma ya sunkuya kamar ciyawa ta riƙe masa fartanya.

Damina ba ta ƙare ba tsohon ya kwanta ciwo, ya rasu. Mai Gero ya je wurin binnewa, ya tsaya can baya. Da maza suka karɓi fartanya hannu-hannu suna mayar da ƙasa, bai miƙa nasa hannun ba.

Geron bai yi ba. Ruwan ƙasar ya yi masa yawa, zangarniya ta yi baƙi tun tana tsaye. Da kaka ta yi, ya je ya share busasshen ganyen da ke cikin duwatsun nan. Ya kai sara, sai fartanya ta cije. Ya zaro ta, ga farin nama a bakinta. Ya ajiye ta ya shiga tono da hannu. Doya ce, tsawon kamu, kaurin cinyar ƙato. A kanta kuma ga ɓawon tsohon yankin nan ya bushe ya manne, kamar tsohuwar fata.

Ya zauna a ƙasa. Ya dubi doyar, ya dubi faɗin gonar da ya baje da hannunsa, ya dubi iyakar da ake gaishe shi daga can. Sa'an nan ya tashi.

Bai bi tsakiyar gari ba. Ya naɗe doyar a rigarsa ya zaga ta bayan gidaje. Ya sami matar dattijon a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa, ya ajiye doyar a gabanta, ya kasa ɗaga ido.

Ta ce, "Mai Gero, ashe ba ka manta hanyar gidan ba."

"Mama."

Ta juya doyar, ta shafa ta. "Ta yi kyau. Hannunsa ne."

"Mama, na ci mutuncinsa a gaban jama'a. Yanzu na zo da baki, babu kunnen da zai ji. Ki bar ni in je bakin kabarin in faɗa."

"Shi ma tone shi za ka yi?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta ce, "Abin da ke ramin nan ba ya ji, ɗana. Jikin da muka ba ƙasa ke nan. Shi yana wurin Ubangijinsa. Ranar da ka kife masa masakin nan, da ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Na ce bari in je in wanke yaron nan tas. Ya ce a'a, laifinsa ne da bai gaya maka tun farko ba."

Wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya ce, "To, yaya zan yi da maganar da ke bakina?"

"Riƙe ta. Akwai ranar da za a buɗe mu duka, ba kuwa kai za ka buɗe ba. Ran nan ka faɗa masa da bakinka. Amma na san tsohon nan. Kafin ka gama durƙusawa zai tambaye ka ko ka ci abinci."

Ta ɗauki wuƙa ta yanke kan doyar, ta shafa masa toka daga murhu, ta sa masa a hannu. Ya karɓa, ya tafi, kansa a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: yankin doyar da aka rufe jikinmu ne, tulin ƙasa kuwa kabari. Ba za mu yi wa juna ƙarya ba, jiki yana ruɓewa. Hannun da ya riƙe ka kana ƙarami, bakin da ya kira sunanka, duk ƙasa za ta ci. Amma ganyen nan da ya kama sanda ya hau yana shan rana tun ana ruɓewa a ƙasa, shi ne ran mai bi. Ba ya cikin rami. Tun daga sa'ar da numfashi ya tsaya yana wurin Yesu, yana hutawa. Sabuwar doya kuma ita ce jikin da za a ba mu a ranar tashin matattu, wanda ba ya zazzaɓi, ba ya tari, ba a ɗaukarsa a kafaɗa zuwa asibiti. Daga tsohon ya fito, za a gane shi, amma ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mai Gero kuwa mu ne, kuma a nan ne kunyar take. Ran Lahadi muna raira waƙar tashi daga matattu har rufin majami'a yana amsawa. Amma da an rufe namu, sai zuciya ta ɗauki fartanya ta koma makabarta. Muna kwance muna tono: yanzu yaya fuskarsa ta koma, yanzu me ya rage. Mu kwaso abin da muka gani mu kife a gaban Allah, mu ce, ga abin da ka ba mu. Mu daina gaishe shi. Yana kiranmu daga iyakar gona, muna yi kamar ba mu ji ba. Waɗansunmu ma sukan baje bangaskiyar gaba ɗaya, su shuka abin da suka saba a wurinta, ba ya kuwa yi.

Ban ce kada a yi kuka ba. Ubangijinmu da kansa ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa. Shi ma an rufe shi, ya kuma tashi, shi ne doyar farko ta wannan gona, don mu ga irin abin da ke zuwa. Abin da nake cewa shi ne, kada mu yanke wa Allah hukunci a tsakiyar damina. Wanda kuma yake da maganar da bai samu ya faɗa wa nasa ba har aka rufe shi, kada ta kashe shi. Ya kai ta gaban Yesu yau a gafarta masa, sauran ya riƙe, gama za a sadu.

In kun tashi daga nan, kada ku sauya hanya don gudun makabartar da ke bayan majami'a. Ku bi ta wurin, ku dubi yadda tulin ƙasar suke a jere. Gona ce. Mai gonar bai manta da ko ɗaya ba, har da na ƙarshen layi, na yayana Filibus, wanda ƙasarsa ba ta gama bushewa ba.