Saƙon Inna Kulu

Ku gyara zama. Yau na zo muku da shari'ar da ta ɗaure wa mai ita kai, kuma ba mai tashi daga nan sai ya faɗi nasa hukuncin.

A garin Azare an yi wani malamin firamare, Malam Tasi'u, da matarsa Barira. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Mahaifiyar Barira, Inna Kulu, ita ce ungozomar unguwa. Rabin yaran layin a hannunta suka faɗo, amma jikan da take jira daga 'yarta tilo bai zo ba. Da ciwo ya ci ƙarfinta, sai ta aika aka kira Tasi'u, ta ajiye kunyar surukuta gefe, ta sa ya jingine mata wayarsa tana ɗaukar bidiyo, ya fita. Ta daɗe tana magana ita kaɗai. Da ya dawo ta ce masa:

"Wannan na Barira ne. Kada ta gani sai ta haihu. Ba zan samu yi mata wankan jego ba, to muryata ta tsaya mata."

Ba a jima ba ta rasu. Tasi'u ya juye saƙon a tsohuwar kwamfutarsa, ya goge na waya don kada Barira ta ci karo da shi, ya dai gaya mata akwai saƙo yana jiran ranar haihuwarta. Wayo ne, amma rabin wayo, domin bai ajiye wani a ko'ina ba.

Ana nan sai Allah ya kawo rabo, Barira ta haifi ɗa namiji. Abin da ta fara tambaya bayan ta ga ɗanta shi ne saƙon uwarta. Tasi'u ya nufi kwamfuta da murna. Yana kunna ta wuta ta zo da ƙarfi, ya ji ƙauri, allo ya yi baƙi. Ya ce wa Barira ta ɗan ƙara haƙuri, ya zaro rumbun kwamfutar, wanda masu gyara ke kira had-dis, ya sa a aljihu ya nufi kasuwa. A hanya ya yi alkawari tsakaninsa da Allah: duk wanda ya fito masa da muryar Inna Kulu, shi zai yi wa takwara da yaron nan.

Shagon da ya fara shiga na wani mai ƙaramin sani ne, wanda ya ce cikin rumbun ne ya ƙone, sai an buɗe an duba. Har ya ɗora sukuddireba, sai ga Jazuli, wani mai gyara daga layin baya, ya zo wucewa. Bai yi ko sallama ba ya damƙe hannun mutumin. Ya ce faifan da ke ciki ko ƙura ɗaya ta hau shi ya tashi aiki, ga shi ana shara a bakin shagon. Mai shago ya zage shi tas, ya ce ya zo ƙwace masa ciniki, har ya ci kwalarsa a gaban jama'a. Jazuli bai saki ba sai da aka miƙo masa rumbun. Ya shinshina shi, ya juya shi, ya nuna wa Tasi'u ɗan tabon ƙuna a kan allon lantarkin da ke manne a bayansa.

"Malam, gobarar a zaure ta tsaya," in ji shi. "Cikin gida lafiya lau, muddin ba a buɗe ba."

Da Jazuli ya makara da ƙiftawar ido, da labarina ya ƙare a nan.

Jazuli ya kai Tasi'u shagon da suke zama su uku da abokansa, Sabi'u da Nazifi. Sabi'u shi ne mai hannu. Ya ce sai an samo allo irin wannan sak, kamar tagwaye, kuma rumbun tsoho ne, an daina kawo irinsa. Ya zaga kasuwar Azare bai samu ba, ya rufe aikinsa ya hau mota zuwa Kano. Can wajen 'yan gwangwan ya yini yana tonon tulin matattun kwamfutoci a cikin rana, ƙarfe ya yanke shi a tafin hannu, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Mai nema yana tare da samu, ya dawo da allon. Sauran aikin ya fi neman wuya. A jikin ƙonannen allon akwai wani ɗan ƙwaya da bai kai wake ba, wanda shi kaɗai ya san hanyar cikin wannan rumbun, dole a ciro shi da zafi a dasa a sabon. Idan zafin ya yi yawa ya mutu, kuma ba shi da na biyu a duniya. Da wannan hannun mai rauni Sabi'u ya ciro shi ya dasa. Aka jona wuta, rumbun da ya yi shiru ya fara juyawa.

Tasi'u ya tashi zai yi sujada, Nazifi ya ce ya dakata. Ya kara kunne, ya ce numfashin da rumbun ke yi na majinyaci ne, idan aka takura masa da bincike zai cika. Sai ya haɗa shi da wani lafiyayye ya fara kwashe abin da ke ciki kaɗan-kaɗan. In ya ɗau zafi ya kashe, ya sa masa fanka, ya jira. Inda ya ƙi karantuwa ya tsallake, daga baya ya dawo ya lallaɓa. Kwana da kwanaki yana zaune kamar mai jinya, abinci ma nan ake kai masa. Yana gama kwashewa tsohon rumbun ya yi ƙara ya tsaya, bai sake motsi ba har yau. Abin da aka kwaso kuwa tarkace ne marasa suna, sun fi a ƙirga. Nazifi ya tambayi Tasi'u watan da aka ɗauki saƙon, ya bi gutsattsarin yana harhaɗawa har fuskar tsohuwa ta bayyana. Nan take ya kashe sauti ya kau da kai, ya ce amanar wasu ce, ba da shi aka yi maganar ba.

Ana gobe suna Tasi'u ya shiga ɗaki ya miƙa wa Barira wayarsa da saƙon a ciki. Ta ga uwarta zaune a kan tabarmar da ta sani, tana gaya mata ganyen da za a dafa ruwan wanka da shi, da yadda ake gasa cibiya, da addu'ar da ake tofa wa jariri in ya ƙi barci. Barira ta yi kuka har ta gode Allah, kuka mai daɗi, ta juya fuskar jaririn ga allon wayar don kakarsa ta gan shi. A ƙarshe tsohuwar ta yi murmushi ta ce:

"In namiji ne, kada ku sa masa sunan wanda ya mutu don tausayi. Ku sa na mai rai wanda ya yi muku alheri, yaro ya tashi yana ganin wanda zai kwaikwaya."

Nan Tasi'u ya tuna alkawari kaya ne. Wani ya ba shi shawara ya jera sunayen uku, liman ya yi dariya ya ce yaro ɗaya, rago ɗaya, suna ɗaya.

Gari ya waye, ƙofar gida ta cika. An raba goro da dabino, rago na ɗaure, wanzami ya shimfiɗa zabirarsa. Ga Jazuli da Sabi'u da Nazifi a tabarma ɗaya, ba wanda ya roƙi komai. Liman ya sunkuyo da kunnensa kusa da bakin Tasi'u yana jiran suna. Tasi'u ya dubi wanda ya hana a kashe rumbun, ya dubi wanda ya tashe shi, ya dubi wanda ya kwaso muryar kafin rumbun ya cika.

To, jama'a, liman na jira. Da ku ne Tasi'u, sunan wa za ku raɗa masa?