Ranar da Inna Yalwa Ta Sauke Niƙabi

Akwai wani saurayi a unguwar Zahir da ke Makka, sunansa Muhannad, wanda har yanzu in na tuna abin da ya yi sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Maƙwabciyarsu, Inna Yalwa, mutuniyar Yawuri da ta zo aikin hajji ta zauna, ita ta ɗauke shi ta shayar da shi. Da sayar da gyaɗa a bakin kasuwa ta raine shi har ya zama mutum, ya samu aikin ofis.

Da ya tashi neman aure, sai ya ga Shaima, 'yar Alhaji Idris na unguwar Rusaifa. Su ma asalinsu Hausawa ne, amma masu hali. Don ya burge su, ya shirya fita a hutun Sallah zuwa wani kwari a hanyar garin Lis, inda ruwan sama ke taruwa tsakanin duwatsu, ana ba da hayar ƙananan kwale-kwale.

Inna ta ji daɗi sosai. A bakin kogi aka haife ta, kuma rabonta da jirgin ruwa tun tana budurwa. Ta dafa mandi, wato shinkafa da naman rago, ta daka yaji mai kyau.

A mota Muhannad ya ce mata, "Inna, in mun isa ki rage magana. Larabcinki ba ya fita daidai."

Ta ce, "To, ɗana."

Da suka haɗu da iyalin Alhaji, aka shimfiɗa darduma a gindin bishiya, maza gefe, mata gefe. Alhaji ya dubi tsohuwar da ke sauke tukwane ya ce, "Wace ce wannan baiwar Allah?"

Muhannad ko kunya babu ya ce, "Shaggala ce, ya Alhaji. Mai yi mana girki."

'Yar aiki ke nan fa. Matar da nononta ya gina ƙashinsa. Kuma ta ji, don tsakaninsu ba nisa. Ta ci gaba da jera faranti.

Kowa ya shiga ruwa. Shaima da uwarta a kwale-kwale ɗaya suna ta dariya, Alhaji na tuƙi a hankali, iska na kaɗawa. Inna kuwa an bar ta tana gadin takalma da kore ƙuda daga abinci, idonta a kan ruwan.

Shi ko gogan naka Muhannad sai ya ga tuƙi a zaune bai isa a san shi ba. Ya miƙe tsaye a cikin kwale-kwalen, waya a hannu, wai zai ɗauki hoto. Jirgin ya kife. Goshinsa ya bugi dutse, ya nutse, ya taso yana haɗiyar ruwa.

Kafin kowa ya juyo da jirginsa, Inna ta faɗa ruwan da abayarta. Ruwan ya kai mata ƙirji. Ta cafko wuyan rigarsa ta jawo shi gaɓa, ta ɗora kansa a cinyarta. Ta fizge niƙabinta ta danne masa goshi da shi, tana kuka tana cewa, "Buɗe ido, ɗana. Dube ni."

Ya buɗe. Raunin ƙarami ne. Amma Alhaji Idris na tsaye a kansu, fuskarsa a murtuke.

Ya ce, "Muhannad, mace ba muharramarka ba ba ta buɗe maka fuska, ba ta ɗora kanka a cinya. Ko dai kai mutum ne da ke sakewa da 'yar aiki haka, ko kuma uwarka ce ka yi mini ƙarya. Wanne ne?"

Muhannad ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Ita ta shayar da ni."

Alhaji ya ce, "Da ka faɗa tun farko, wallahi da ni zan fara sumbatar kanta. Wanda ya iya musun nonon da ya sha, ba zan ba shi 'yata ba. Halas, magana ta ƙare."

Ya sa matarsa ta kama hannun Inna suka shiga kwale-kwale, suka zaga ruwan. Da aka zauna cin abinci, Shaima da kanta ta zuba mata. Muhannad ko loma bai iya kaiwa baki ba.

A hanyar gida ya yi ta cewa, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, don kada Allah ya kama ka."

Sai ta ɗauko wani busasshen niƙabi daga jaka ta ɗaura, ta sauke shi ya rufe mata fuska. Daga ranar, duk sanda ya shigo gaishe ta, sai ta rufe fuska kamar yadda take yi wa baƙo.

Darasi: Kada ka ji kunyar wanda ya raine ka don ka burge mutane. Za ka rasa mutanen, kuma ko an yafe maka, ba lallai ne fuskar da ka saba gani ta sake buɗe maka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ɓoye iyayensu in baƙi sun zo.