Minsharin da Ya Bar Ɗaki

Akwai wata mata mai ɗinki da kowa a layinsu ke kira Tela, har mijinta. Ta iya keke, ta kuma iya baki. Idan ta sa ka gaba da tsokana, sai ka yi dariya ko da kai ake yi wa.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali. Da rana da ƙyar ake jin muryarsa. Amma da zarar ya ɗora kai a filo, duk maganar da ya tara tun safe sai ta fito ta hanci. Minshari yake yi irin wanda ke ratsa ƙofa ya isa ɗakin 'yan biyunsu.

Kada mu zalunci Tela, ta sha wahala. Shekara tara tana toshe kunne da auduga, tana zungurarsa da gwiwar hannu, tana juya shi kamar buhu. Da safe ta zauna gaban keke ido jajur, zare ya ƙi shiga allura, ta ɗinke hannun riga a baibai.

Wata rana haushi ya sa ta ɗauki minsharin a waya. Da gari ya waye ta saurara, abin ya ba ta dariya, sai ta tura guruf ɗin hira na danginsa a waya. Ta rubuta a ƙasa: "Mu ba ruwanmu da ɗauke wuta, muna da janareto."

Yayarsa ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa mijinta. Kafin a tashi aiki sautin ya isa shagon kafintoci. Daga ranar sunansa ya koma Janareto. Har masu zuwa karɓar kujeru sai su ce, "Ina Janareto, an kunna shi?" Shi dai sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Da yamma ya same ta tana yankan yadi.

"Tela, abin da kika tura ya kai shago," ya ce.

"To ƙarya na yi?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai kana shan barcinka, ni ina ƙirga silin. Wallahi na gaji, Baban 'yan biyu. Ko minsharin nan ya bar ɗakin nan, ko ni in bar shi, in koma wurin yara."

Sai ya ce, "Ba sai kin koma ba. Zai bari."

A satin nan wata mai kawo mata ɗinki ta ba ta dabara: a yi ɗan aljihu a bayan rigar barcinsa, a sa ƙaramin ƙwallon roba, don kada ya kwanta rigingine. Tela ta ɗinka cikin minti goma. Ya karɓa ya saka.

Daga ranar ɗakin ya yi tsit. Tela ta riƙa barci har sai ƙararrawar waya ta tashe ta, ta gan shi kwance a gefenta, ido biyu.

Ai fa bakinta ya buɗe. Duk wadda ta shigo auna kaya sai ta ji labarin ƙwallo. Mata huɗu suka kawo rigunan mazajensu ta yi musu. Ta koma guruf ta rubuta: "An kashe janareto, godiya ga tela."

Alamu kam sun zo, ita ce ba ta duba ba. Idanunsa suka faɗa. Mutumin da kofi ɗaya na shayi ke isarsa ya koma shan uku. Rannan ya yi gyangyaɗi da cokali a hannu, ta ce, "Tsufa dai ya fara sallama." Akwai kuma wani tabon maiƙo da ya fito a bangon kicin, gefen firji. Ta goge, ya dawo. Ta tara 'yan biyu ta yi musu faɗa kan shafa hannu a bango, yaran suna rantsuwa ba su ba ne.

Wata biyu ana haka. Ranar wata Talata tana kan keke, abokin aikinsa da ake kira Dogo ya kira ta.

"Maman 'yan biyu, ki zo asibiti. Injin tsaga katako ya kama masa hannu."

Yatsu biyu na hagu suka tafi. A bakin ɗakin tiyata Dogo ya ce mata, "Ni dai ban gane ba. Shekara goma sha biyar yana kan injin nan, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Amma kwanakin nan a tsaye yake barci. Lafiya yake a gida?"

"Lafiya lau," ta ce. "Barcinsa ma ya fi na da kyau."

Da la'asar aka dawo da shi kan gado, magani bai gama sakinsa ba. Tana zaune kusa da shi sai ta ji abin da ta manta: minshari, mai ƙarfi, kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba.

Ƙarar ce ta farkar da shi. Ya zabura, ya dafa gado da hannun da ke naɗe, yana neman sauko da ƙafa.

"Yi haƙuri, barci ne ya sace ni," ya ce, idonsa a rufe. "Kwanta abinki, bari in tafi kicin."

"Wane kicin?"

Ya buɗe ido ya ga inda yake. Ya so ya kauce, ta riƙe kafaɗarsa. "Baban 'yan biyu, wane kicin?"

"Ƙwallon bai hana komai ba, Tela," ya ce a hankali. "Nakan jira sai na ji numfashinki ya daidaita, in lallaɓa kicin, in rufe ƙofa. Sai in zauna kan 'yar kujerar nan in jingina da bango. A zaune minsharin ba ya fita sosai. Kafin wayarki ta yi ƙara na dawo."

"Wata biyu?"

"Kin ce za ki koma wurin yara. Na ga gara ni in riƙa fita, in dawo in same ki a wurin."

Ta saki kafaɗarsa, ta gyara masa filo.

Da ta je gida ɗauko masa kaya, kicin ta fara shiga. Ta jawo 'yar kujerar, ta zauna gefen firji, ta jingina. Tabon yana ɗan sama da kanta, daidai tsawonsa a zaune. Man gashinsa ne. Shi ta yi ta gogewa da soso tana zagin yara. Nan ta yi kukan da ba ta yi ba a asibiti, don ta san injin ya yanke yatsun ne kawai, amma ita ta tura hannun.

Ta shiga ɗaki, ta ɗauki almakashi ta farke aljihun rigar barcinsa, ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado. Ta kira 'yan biyu ta ba su haƙuri. A guruf kuma ta rubuta abin da ya faru ba tare da ta rage laifinta ba, ta roƙi kada wanda ya sake kiransa da sunan nan.

Da ta koma asibiti ta tarar ya sake yin barci, minsharin ya cika ɗakin. Wani mai jinyar gadon kusa ya ce, "Baiwar Allah, ki ɗan taɓa shi mana, ya hana mu sakat."

"Ku yi haƙuri, ba zan taɓa shi ba," ta ce. "Wata biyu ke nan bai kwanta ba."

Likitar da ta zo zagaye ta tsaya ta saurara, ta ce numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, kuma abu ne da ake dubawa a yi magani. Shekara tara Tela tana jin wannan sauti, ta kai shi gaban dangi, ta kai shi gaban masu ɗinki, bai taɓa zuwa mata ta kai shi gaban likita ba.

Yanzu yana ganin likita, minsharin ya ragu, bai ƙare ba. Ya koma shago. Bai taɓa ce mata ita ta jawo ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Har yau hannun bai saba da maɓalli ba, don haka kullum da safe ita ke saka masa na riga, ɗaya bayan ɗaya, hannun hagunsa yana gabanta.

Darasi: Idan abokin zamanka ya daina damunka farat ɗaya, kada ka yi saurin murna, tambayi yadda aka yi, wataƙila shi ya kwashe damuwar ya ɗora wa kansa. Abin da mutum ke yi cikin barci ba da gangan yake yi ba, likita ake kai wa, ba guruf ba. Ku tura wa ma'auratan da kuka sani, wataƙila a gidan wani akwai mai kwana a zaune.