Hoto Mai Lamba Ɗaya

Akwai wani mai hoto a Kano, ana ce masa Mahmudu. Wannan a shekarun da kuɗin mai suka cika gari ne, lokacin da kowane ɗan kwangila yake sayen Marsandi ya tare a Nassarawa GRA. Gidajen can kuwa manya ne, bangon falo fayau, babu abin ratayawa.

Mahmudu ya gano wannan. Ya bar hoton fasfo da na biki, ya koma ɗaukar hotuna masu kyau yana sa su a firam mai gilashi. Kuma yana da wata dabara. Kowane hoto guda goma kacal yake wankewa, ya rubuta lamba a ƙasa, ya sa hannu. Idan na goma ya fita, sai ya ɗauko nagatif ɗin, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoton daga shi, ya datsa shi da almakashi a gaban mai saye.

"Alhaji, ka gani da idonka," zai ce. "Ko ni kaina ba ni da na goma sha ɗaya."

Masu kuɗi suna son jin haka. Shi ma Mahmudu yana son jin kansa yana faɗa. Mutum ne mai ji da kansa, gashin baki a gyare, babur ɗinsa basfa kullum tana sheƙi. Masu cewa na san halin ne saboda irin nawa ne, na ji ku, kuma ban yafe ba.

Hoton da ya fi fitar da sunansa na wani mai ban ruwan furanni ne. Wata safiya yana wucewa ta ƙofar gidan Alhaji Lawan, ya hango mutumin riƙe da tiyo, ruwa yana tashi, rana ta haske masa gefen fuska, yana dariyar wani abu da mai gadi ya faɗa. Mahmudu ya tsaya ya ɗauka.

"Malam, yaya sunan?"

"Ɗahiru. Hoton nawa za a kawo min?"

"In sha Allahu, sati mai zuwa."

Sati mai zuwa bai zo ba. Tara daga cikin goman suka tafi otal-otal da falukan manya, almakashi ya yi aikinsa. Mai lamba ɗaya kuwa Mahmudu ya rataye shi a shagonsa, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Shi ne yake jawo masa mutane. An sha neman saye, yana cewa wannan da shi za a binne shi.

Bayan shekara biyu, wata rana da hantsi, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon, da goyo a baya. Ba ta shigo ba. Idonta yana kan bango.

"Malam mai hoto, sunana Indo, daga Gama nake. Wancan mijina ne."

"Ɗahiru? Ina yake? Ai ina ta cewa zan neme shi."

"Ya rasu, wata biyar ke nan. Sai da na fita takaba na iya zuwa. Ya sha gaya min an ɗauke shi hoto, za a kawo." Ta juya kaɗan don ya ga yarinyar. "Mairo ce. Ba za ta tuna fuskarsa ba. Ko ɗan ƙarami ne, a wanke mana."

Mahmudu ya kalli durowar da yake ajiye almakashi. Ya ce ta dawo ranar Alhamis.

Da ta tafi, ya hau basfa sai gidan Alhaji Lawan, domin mai lamba uku yana can. Ya tarar da shi a falo, hoton na rataye a saman talabijin.

"Alhaji, alfarma na zo nema. Iyalin Ɗahiru suna son hotonsa."

"Wane Ɗahiru?"

"Mai ban ruwan furanninka. Shi ne wannan."

Alhaji ya tashi, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Ashe shi ne. Allah ya jiƙansa." Ya koma ya zauna. "Amma Mahmudu, kai ka ce goma ne a duniya. Baƙina suna yaba shi. Ka ba su naka mana."

A hanyar komawa Mahmudu ya yi ta mita shi kaɗai. Wato shekara biyu mutum yana kallon fuskar ma'aikacinsa bai gane shi ba! Sai da ya kai gindin wata darbejiya maganar ta juyo kansa. Alhaji bai san fuskar ba. Shi fa, da ya san fuskar, ya san sunan, har ya yi alkawari?

Akwai hanya mai sauƙi, kowane mai hoto ya san ta. Ya saita kyamara a gaban na bangon, ya sake ɗauka, ya wanke ƙarami. Babu wanda zai je Gama ya ƙirga. Har ya kafa kyamarar. Sai idonsa ya faɗa kan rubutun da ke ƙasan hoton, da sa hannunsa. Mutum tara ya ce wa babu na goma sha ɗaya. Ya riga ya saɓa wa mamaci, yanzu kuma zai yi wa rayayyu ƙarya don ya gyara.

Ya naɗe kyamarar.

Ranar Alhamis Indo ta tarar da firam a nannaɗe cikin takarda.

"Malam, wannan ai babban ne. Ni ƙarami na ce."

"Nasa ne tun farko, Malama Indo. Ni ne na daɗe da aronsa."

Ta buɗe gefe, ta shafa gilashin da bakin mayafinta. "Hular nan ni na ɗinka masa," ta ce.

Ƙusar ta zauna a bango haka nan. Wasu masu saye da suka zo don hoton suka juya, kuma Mahmudu ya ji zafin hakan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma daga ranar, duk hoton da ya ɗauka, mai lamba ɗaya na mai fuskar ne, kuma shi yake kaiwa da ƙafarsa.

Shekaru suka tafi, kuɗin mai suka ja baya. Gidaje suka canza hannu, otal-otal suka canza fenti. Da Mahmudu ya tsufa ya so ya sake ganin hoton nan, ya bi taran ɗaya bayan ɗaya. Wani gara ta cinye a sito, wani ya fashe wajen ƙaura, saura ba a ma san inda suke ba.

A Gama ya same shi. Mairo, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta shigar da shi ɗakin mahaifiyarta. Hoton na nan, gilashi tas, ruwan tiyo yana tashi kamar jiya.

"Baba Mahmudu," ta ce, "kowace Juma'a nake goge shi. A nan na san dariyar babana."

Darasi: Kafin ka ci riba da fuskar mutum ko guminsa, fara kai masa rabonsa, kuma kada ka gyara alkawarin da ka karya da wata ƙaryar. Abin da ka ba mai haƙƙi shi ne yake daɗewa. Ku tura wa 'yan uwa labarin nan, nawa ba guda goma ba ne, amma wanda ya goge sunana a ƙasa, ni da shi.