Idon Baba Bulus a Cikin Kwamfuta

Akwai wani likitan ido a Makera mai suna Dokta Ebenezer. Asibitinsa ƙarami ne, amma hannunsa na da kyau, har daga Kamazou ake zuwa ya yanka wa mutane tabarau.

Wata shekara hukumar lafiya ta fito da wani tsari. Duk asibitin idon da ya kwashe bayanan marasa lafiya daga katin takarda ya zuba a kwamfuta kafin ƙarshen wata, za a sa masa sola, a ba shi sabuwar na'urar auna ido. Manufar ita ce duk asibitin da mutum ya je, a buɗe a ga tarihin idonsa.

Ebenezer ya daɗe yana fama da rashin wuta. Ya dubi katunan da suka cika kabad, ya ga wata ɗaya ba zai ishe shi ba. Sai ya riƙa shigar da suna da shekaru kawai, sauran guraben ya danna "lafiya lau" ya wuce.

Matarsa Rebecca ta kawo masa abinci ta tarar da shi yana wannan aiki.

"Baban Clinton, ka ma karanta katin nan kuwa?"

"Wa zai duba? In na'ura ta zo, na gyara a tsanake."

Ta ce, "To. Ido dai ba shi da safaya."

Na'ura ta zo, aka kafa sola, mutane suka ƙaru. Gyara kuwa kullum sai gobe. Katunan aka jibge su a sito, damina ta shigo, gara ta bi ta kansu.

Cikin masu katunan akwai Baba Bulus, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Yana da hawan jinin ido, kuma Ebenezer da hannunsa ya taɓa rubutawa cewa akwai wani maganin ɗigawa da bai kamata ya taɓa idonsa ba.

Tsohon ya je wurin 'yarsa Lizzy a wani gari, idonsa ya kama ƙaiƙayi. A asibitin can aka buɗe kwamfuta, aka ga lafiya lau, aka ba shi wannan maganin. Ya yi ta ɗigawa wata da watanni.

Ranar da Lizzy ta shigo asibitin Ebenezer riƙe da hannun mahaifinta, likitan ya zaunar da shi. Ya haska idon da sabuwar na'urar. Jijiyar ta riga ta mutu.

Baba Bulus ya juyo da fuska wajen da bai dace ba, ya ce a hankali, "Ɗana, an ce kai ka rubuta idona lafiya lau. Na ce musu ƙarya ne, Dokta ya san idona."



Da labari ya kai ga hukuma, ta rufe asibitin, ta kwashe kayanta. Yanzu kullum Ebenezer yana yawo lungu-lungu, daga Makera har Unguwar Mu'azu, yana neman tsoffin marasa lafiyarsa ya gargaɗe su. Wasu sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma. Sunayensu na nan a kwamfuta, kowanne da "lafiya lau" a gabansa.

Darasi: Aikin da ran mutum ko lafiyarsa ke rataye a kai ba a yi masa gaggawa don kwaɗayin lada. Abin da ka rubuta yau, da shi wani zai yi aiki gobe ba ka wurin. Ku tura wa duk wanda amanar jama'a ke hannunsa.