Mai Tsaron Rumbun Iri

Akwai wani mutum da garinsu suka ba shi tsaron rumbun iri. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya fitar da sabon irin hatsi, da kaka sai ya kawo dami, mai tsaron rumbu ya ɗaga shi a gaban jama'a, ya kira sunan mai shi. Da wannan suna za a riƙa kiran irin har jikoki.

Wata kaka wani attajiri ya kawo damin gero mai jan baki, wanda yake nuna tun kafin ruwa ya ɗauke. Mai tsaron rumbu yana ganinsa ya gane shi. Shekaru da yawa yana wucewa ta gonar wani manomi, Nomau, yana ganinsa da matarsa, shi yana zaɓen zangarniya, ita tana tarawa a zanenta, suna ta dariya. Nomau ya rasu bara, ya bar ta gwauruwa. Da shukar attajirin ta ƙone, gwauruwar ce ta ɗibar masa irin geron nan kyauta.

Mai tsaron rumbu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan geron Nomau ne."

Attajirin ya ce, "A gonar wa ya tsiro? Matacce yana noma ne? Kai tsoho, ka tuna wanda ya sa aka ba ka makullin nan."

Mai tsaron rumbu ya duba cikin taro, ya hangi gwauruwar can baya, kanta a sunkuye. Ba ta da ɗa, ba ta da kowa, sunan mijin nata kaɗai ya rage mata. Sai ya ɗaga damin sama, ya ta da murya ya ce, "Ga geron Nomau da matarsa Tabawa!" Sa'an nan ya kwance makullin daga wuyansa, ya ajiye a gaban attajirin. "Ga abinka. Bakina kuwa ba kai ka ba ni ba."

A ranar aka tuɓe shi. Wanda ya gaje shi ya kira sunan attajirin har muryarsa ta dushe, amma a kasuwa mata sai su ce, "A auna mini na Nomau."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Iri shi ne binciken da mutum ya sha wahalarsa, rumbu kuwa mujallun ilimi ne. Wanda ya kwafi aikin wani ya sa sunansa don a ƙara masa girma, ɓarawo ne, ko da a takardarsa ya shuka shi. An yarda ka ɗebi iri, amma ka faɗi wanda ya ba ka. Ku kuma da kuke duba rubutun wasu kafin a buga, manya za su matsa muku, wataƙila ku rasa kujera. Ku ƙi. Ubangiji ya hana sata, ya hana shaidar zur, ya kuma san wanda ya sunkuya a gona. Ku ajiye makullin in ta kama, amma ku kira sunan gaskiya tukuna.